Malam Kan-Lokaci da Murfin Kwalba

Yayana malami ne a kwalejin kasuwanci, kuma abin da yake koyarwa ba shi da gajeren suna. Mahaifiyarmu har ta koma ga Mahaliccinta ba ta gane kansa ba. In an tambaye ta aikin babban ɗanta sai ta ce, "Cefane yake koya wa mutane." Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Yadda kamfani zai sayo kaya, ya ɗauko su, ya ajiye, ya rarraba, tun daga inda aka ƙera su har hannun mai amfani da su, wannan shi ne karatun Yaya. Ni ƙanensa ina da tsohuwar motar ɗaukar kaya, wato ni nake aikata abin da yake koyarwa, amma shi ake ce wa ranka ya daɗe.

Tun muna yara Yaya ba ya son ganin abu zaune ba aiki. Takalmi ƙafa ɗaya gare shi, sai ya mutu murus sannan ya nemi wani. In zai yi wanka ruwan da zai ɗiba daidai jikinsa ne, ko kyanwa ba za ta samu na lasa ba. Da ya tafi karatu ya tarar ashe wasu masana sun rubuta manyan littattafai a kan wannan hali nasa, sai ya dawo gida kamar wanda aka ba lasisi. Abin da littattafan suka ce shi ne kada ka tara kaya a sito. Ka nemi mai kawo maka guda ɗaya, amintacce, ya riƙa kawo daidai buƙatarka a kan lokaci. Yaya ya shekara ashirin da wani abu yana maimaita wannan a gaban allo, har ɗalibai suka manta sunansa na yanka, suka koma kiransa Malam Kan-Lokaci. Ya sani, kuma yana jin daɗi.

A gida ma haka yake. Matar Yaya tana da kanta a ɗakin girki wadda ta fi kowace kanta tsabta a unguwar, don ba abin da yake kwana a kanta. Gishiri na yau, mai na yau, ashana kwali ɗaya. Ranar da ta sayo sabulu sanda biyu sai da ya zaunar da ita ya yi mata darasi.

"To Malam," in ji ta, "ni ma in ka ga ina zaune ba aiki sai ka mayar da ni gidanmu, a kawo ni a kan lokaci."

Cikin duk ɗaliban da suka bi ta hannunsa akwai guda da yake ji da ita. Ana ce mata Ta-gaba, don a bencin gaba take zama, kuma a sakamako ma nan take. Da ta gama ta samu aiki a kamfanin sabulun ruwa da yake bakin gari, ta yi ta hawa har ta zama shugabar sashen saye. Duk abin da Yaya ya koya mata ta aikata shi ba ragi. Kowace shekara yakan kwashi 'yan ajin ƙarshe ya kai su can, ya tsaya tsakiyar siton kamfanin, wani makeken ɗaki shararre ƙal, ya tafa hannu.

"Kun ji yadda sautin yake dawowa?" yakan ce. "To haka kamfani mai lafiya yake amsawa."

Ni nake kai su a motata, shi ya sa na haddace.

Sai annoba ta zo. Aka rufe makarantu da kasuwanni, aka rufe iyakoki, kowa ya ɗaure hanci da baki. Rediyo ba ta da magana sai ku wanke hannu, ku wanke hannu. In akwai wanda ya kamata kakarsa ta yanke saƙa a wannan lokaci, to kamfanin sabulu ne. Tankunansu cike suke, kwalaben roba ga su nan jibge. Abu ɗaya ne babu: murfi, irin wanda ake dannawa sabulu ya fito. Masana'anta guda ce take yi musu shi a wata ƙasa mai nisa, kuma an garƙame ta. Abin da bai kai babban yatsa ba ya tsayar da injuna, aka sallami leburori, sabulu ya zauna a tanki duniya tana nemansa ido rufe. Masu kamfanin sun so su kori Ta-gaba, abin da ya hana su kawai babu wanda ya san kan sashen in ba ita ba. Tun daga nan ba ta ƙara kiran Yaya ba, ko gaisuwa.

A gidan Yaya kuwa, kwana kaɗan da kulle sai ga shinkafa da mai da sabulu suna fitowa daga ƙarƙashin gadon yara. Ya ci, ya wanke hannu, bai tambayi daga ina ba. Matarsa kuwa sai ta riƙa ajiye masa kwanon da ɗan ƙarfi.

Mutum ne mai taurin kai, amma ba wawa ba ne. Watannin kullen nan a kan waya ya yi su, yana kiran tsofaffin ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar me ya tsayar da su. Wannan ya ce kwali, wancan ya ce direbobi, wata ta ce kayanta suna cikin kwantena a tashar jirgin ruwa, ba ta ma san wace tasha ba. Da aka buɗe makaranta wani Yaya ne daban ya shiga aji. Ya sa ɗalibai su koyi bin sawun kaya ta waya da kwamfuta. Ya sa su riƙa kiran 'yan kasuwa na gaske suna ciniki, don ya lura yaran sun iya lissafi amma in aka ɗaga musu murya a waya sai su ce yi haƙuri su kashe. Yakan shigo ko sallama bai gama ba ya ce, "An rufe iyaka yau da safe. Me za ku yi?" Babban darasinsa sabo kuwa shi ne kada ka dogara da shago ɗaya, ka raba odarka gida uku. Ɗalibai suka fara kiransa Malam In-bai-zo-ba-fa, amma sunan ya yi tsawo, bai kama ba.

Ga inda matsalar take. Dokar kwalejin ita ce ɗan ajin ƙarshe ba zai karɓi takardar shaida ba sai ya yi wasu watanni a kamfani yana sanin makamar aiki. Shekara da shekaru kamfanin sabulu ne yake kwashe ajin Yaya gaba ɗaya, don sauran kamfanonin garin ƙanana ne, mutum ɗaya ko biyu suke iya ɗauka. A wannan karon kamfanin sabulu ya ce ba ya so. Shugaban kwaleji ya kira Yaya ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: in bai samo wa ajin wuri a wannan zangon ba, ɗaliban za su yi zaman shekara guda, sashen kuma a haɗe shi da na akanta, shi ya koma koyar da tarawa da ɗebewa har ritaya ta same shi.

Ya zo gareji ya same ni ina ƙarƙashin mota.

"Fito ka kai ni bakin gari."

"Yaya, ai ba a gayyace ka ba."

"Motarka ma ba wanda yake gayyatarta, amma tana zuwa."

Muka tarar da Ta-gaba a sito, da hular kwano a kanta. Na tsaya baki buɗe. Ɗakin nan da ake tafa hannu a cikinsa ya cika da kwalaye har rufi, sai 'yar hanya da mutum zai ratsa a karkace. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta sa aka kawo masa kujera, amma fuskar nan ba annuri.

"Na ga kin cika ɗakin," in ji Yaya.

"Na cika, Malam. Yanzu masu kamfani faɗa suke yi mini wai na yi yawa. Rabin kwalayen can damina ta taɓa su. Da babu na sha zagi, da akwai ma ina sha."

Ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta saurara har ya gama.

"Malam, ni ba ƙinka nake yi ba. Amma na tsaya a ƙofar can na sallami mutanen da suka girme ni, saboda murfi. Ba zan iya cika wurin nan da yaran da za su yi mini abin da ni na yi ba."

"Ba abin da na koya miki nake koya musu ba."

"Haka ka ce."

"To gwada su."

Ta juya biro a hannunta. Can ta ce akwai sabuwar ƙaramar kwalba da za su fara cikawa farkon mako na sama, kuma murfinta ba ya cikin sito tukuna. Ɗaliban su nemo shi a cikin gari, su yi ciniki, su kawo kafin ranar cikawa. Ita ba za ta sa baki ba, shi ma kada ya sa. In murfi ya iso, ta ɗauki ajin duka.

Yaran suka bazama. Shugabarsu wata matar aure ce mai goyo, suna ce mata Uwar-aji, tana da murya irin ta masu raba faɗa. Suka zagaye gari suka samo masu sayarwa uku: wani dattijo a bakin kasuwa, wani mai shago a bayan tasha, da wata mata a sabuwar unguwa. Suka gwada murfin kowanne a bakin kwalba ya zauna daram. Suka raba odar gida uku, kowanne ya yi alkawarin kayansa suna hanya. Yaya ya yi ta yawo a makaranta ƙirji a gaba. Har gida ya ce wa matarsa, "Ko ɗaya ya faɗi, biyu suna tsaye."

Ana saura 'yan kwanaki Uwar-aji ta ce a je a duba da ido, kada a zauna jiran waya. Muka tafi a motata, ita da Yaya a gaba, wasu 'yan ajin a baya kamar buhuna.

Dattijon bakin kasuwa ya tarbe mu da fara'a. "Kayanku suna tafe, 'yata. Motar da ta ɗauko su ce aksil ɗinta, ƙarfen nan da yake riƙe tayoyi, ya karye a bayan gada. Gobe-gobe za ta shigo da yardar Allah."

Ba wanda ya damu. Ai dama saboda irin wannan aka raba. Muka wuce bayan tasha. Mai shagon yana cin gyaɗa, ko tashi bai yi ba.

"Ku kwantar da hankalinku. Aksil ne kawai, a bayan gada. Gobe."

Da muka koma mota na ce, "Wannan gada kuwa aksil take ci da safe?" Yaran baya suka yi dariya. Yaya bai yi ba. Uwar-aji ma ba ta yi ba, sai gyara goyonta take yi alhali goyon ba abin da ya same shi.

A sabuwar unguwa matar tana buɗe baki Yaya ya riga ta.

"Baiwar Allah, aksil ne?"

"Laa, Malam, wa ya gaya maka?"

"Wa yake kawo miki murfin?"

Ta faɗi dilan. Uwar-aji ta kira dattijo ta tambaye shi, ta kira na bayan tasha. Dila ɗaya ne, yana wani gari, kuma kayan mutum ukun duk a mota ɗaya ya loda su. An raba oda gida uku, ashe gidajen ƙofarsu ta baya ɗaya ce. Yaran sun tambayi farashi, sun tambayi inganci, sun tambayi ranar kawowa. Ba wanda ya tambayi mai shago shi daga ina yake sarowa, don ba a taɓa ce musu su tambaya ba.

Muka tsaya a inuwar shagon. Ni da nake direba na san karyewar aksil: in an samu kayan gyara kusa, kwana biyu, in ba a samu ba, sai direban ya fara sanin sunayen 'ya'yan mutanen ƙauyen. Na ce, "Yaya, a bari mu gani mana. Duk su ukun sun ce gobe. In ta shigo, wa ya san an yi haka?"

Na ga maganar ta shige shi. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Takardun yaran nan da sashensa duk suna kan wannan gobe.

"Malam," in ji Uwar-aji, "mu gaya mata?"

"An ce kada in sa baki."

"To ni zan sa. In motar ba ta zo ba, ranar cikawa za ta tara ma'aikata su zauna suna kallon kwalba."

Kafin mu tafi ta sa aka kwashe ɗan abin da ya rage a shagon matar, muka koma ta sauran biyun aka tattaro nasu. Duka-duka bai rufe gindin motata ba. Da shi muka nufi bakin gari.

Ta-gaba tana ofis. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, ni a bayansa, Uwar-aji ta shiga ta yi bayani tiryan-tiryan, ba ta rage ba, ba ta yi wa kowa kwalliya ba. Ta faɗi abin da suka samo a hannu, ta ce sauran ba ta da tabbas, kuma kada a dogara da goben da ake faɗa.

Ta-gaba ta ɗauki waya. Ta kira shugaban masu cikawa. "Ƙaramar kwalba a ɗaga ta. A fara da jarkoki, murfinsu yana sito. Eh, na sani. A juya injin tun yanzu, akwai lokaci." Ta ajiye, sannan ta dubi ƙofa.

"Malam, shigo mana. Ɗalibanka sun faɗi."

"Sun faɗi," in ji Yaya. "Ni na ce musu uku, ban ce su leƙa bayan ukun ba."

"Ni ma da ka ce mini ɗaya ban leƙa bayansa ba." Ta juya kan Uwar-aji. "Wa ya ce ki zo yau?"

"Ba kowa, ranki ya daɗe. Wannan ma cewa ya yi a jira." Ta nuna ni da haɓa. Na ce ni direba ne, ba a ɗauke ni shawara ba.

"Wanda yake kawo mana murfi lokacin annoba," in ji Ta-gaba, "ya san an rufe masana'antar tun da wuri. Kullum na kira sai ya ce gobe. Da ya gaya mini gaskiya a makon farko, da na zuba sabulun nan a leda, a jarka, a ko mene ne, da ban sallami kowa ba."

Ta ɗan yi tunani, ta ce alkawari dai ba su cika ba, don haka ba za ta ba su abin da aka saba ba, wato kujera a ofis da fanka. Za ta ɗauke su, amma rabi su shiga sito su rage mata wannan tulin ba tare da sun mayar da shi fanko ba. Sauran rabin kowa a ba shi abu ɗaya da kamfanin yake saye, kwali ko turare ko leda, ya bi shi baya-baya har inda aka haife shi, ya dawo ya gaya mata inda hanyoyin suke haɗuwa. Wanda ya dawo da sunan shago kawai, ya koma gida.

"Murfi kuma," ta ce, "na Malam ne."

Uwar-aji ta sunkuyar da kai tana yi wa goyonta wasa don kada a ga haƙoranta.

Washegari na kai shi bayan gada. Motar tana nan a gefen titi, an tokare ta da duwatsu, direban ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi yana sauraren rediyo. Goben dai ba ta zo ba, kuma daga ganin aksil ɗin ba ta kusa. Yaya ya naɗe ƙafar wando, mutumin da ake miƙe wa in ya shiga aji, ya rarrafa ya zauna kusa da direban. Ya tambaye shi ina dila yake saro murfin. Direban ya ce wata 'yar masana'anta ce gaba da garinsu, injin ɗaya gare su. Robar da suke narkawa fa? Direban ya ce wannan kuma sai dai a tambayi mai injin, shi dai yana ganin ana sauke ta a farin buhu.

Yaya ya fito yana kakkaɓe gwiwa, ya zagaya motata yana duban tayoyi.

"Wannan abar za ta kai mu can?"

Na ce za ta kai, in ba a yi mata gaggawa ba. Ya kira matarsa ya ce kada a jira shi da abincin rana, ya buɗe ƙofa ya shiga.